'Yan tsanan al'adun duniya: tarihinsu, kasuwar masu tara su, da makomar 'yar tsanar kara a Kebbe

A shekarar 1990 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da wata 'yar tsanar roba wadda ya ce tana wakiltar Najeriya. Tsawonta bai cika ƙafa ɗaya ba. An ɗaura mata zane mai ruwan ƙasa, aka yi mata ado mai launin zinariya, aka rufe ta cikin kwali mai ɗauke da gajeren bayanin ƙasar a bayansa. Ita ce ta farko daga nahiyar Afirka a cikin jerin 'yan tsanan Barbie da kamfanin ya sa wa suna Dolls of the World, wato 'yan tsanan ƙasashen duniya. An daɗe da daina ƙera ta. Yau sai a hannun masu tara irinta ake samun ta, galibinsu a Amurka da Turai, kuma su ne ke yanke mata farashi.

Wannan maƙala ta yi bayanin asalin irin waɗannan 'yan tsana, da yadda ake tara su bayan an daina ƙera su, da sukar da aka yi musu, da matsayinsu a wajen malaman Musulunci. Daga nan ta koma gida, zuwa Kebbe da Tambuwal a kudancin Jihar Sakkwato, inda ake da wata 'yar tsana ta kara da tsumma wadda ita ma ake dainawa, ba tare da wani kamfani ya ba da sanarwa ba.

Kalmomi uku da ake gwamawa

Hausa tana da kalmomi uku da ya kamata a rarrabe kafin a shiga batun. 'Yar tsana ita ce abin wasan yara mata mai siffar mutum, kuma a kasuwannin yau ana kiran ta roba da 'yar bebi. Mutum-mutumi shi ne duk wata sura ta mutum da aka sassaƙa ko aka zuba, kamar wanda teloli da masu shagunan tufafi ke sanya wa kaya domin talla. Gunki kuwa shi ne wanda ake bauta wa.

'Yar tsanar da ake magana a kanta a nan tana tsakanin ta farko da na biyu. Da siffar abin wasa aka ƙera ta, amma manya ne ke sayen ta, su ajiye ta a cikin kabad mai gilashi domin kallo. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne tufafinta: ana yi mata shigar wata ƙasa ko wata ƙabila, a rubuta sunan ƙasar a jikin kwali, ta zama kamar jakadiyar mutanen da ba su aike ta ba.

Asalin al'adar

Sanya wa 'yar tsana tufafin al'umma domin nuna wa baƙi ya girmi Barbie da shekaru masu yawa. Matafiya da 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka sun riƙa komawa gida da irinsu a matsayin tsaraba, gidajen tarihi na Turai kuma suka riƙa karɓa. Hausawa ma sun shiga wannan lissafi tun da wuri. A littafinsa The Ban of the Bori na 1914, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna A.J.N. Tremearne, wanda ya yi bincike a cikin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga hotunan 'yan tsana da aka yi wa shigar iskokin bori.

Gwamnatoci da ƙungiyoyi sun yi amfani da su a harkar diflomasiyya. Misalin da ya fi shahara shi ne na 1927, lokacin da dangantakar Amurka da Japan ta yi tsami saboda dokar Amurka ta 1924 da ta hana Japanawa ƙaura zuwa can. Wani ɗan mishan mai suna Sidney Gulick ya jagoranci aika 'yan tsana 12,739 zuwa makarantun Japan. Japan ta mayar da biki da guda 58 masu sanye da kimono, ƙarƙashin jagorancin attajiri Shibusawa Eiichi. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, an lalata mafi yawan na Amurka da ke Japan a matsayin kayan abokan gaba, kuma waɗanda suka tsira ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

A Indiya, mai zanen barkwanci K. Shankar Pillai ya buɗe gidan ajiye 'yan tsanan duniya a birnin Delhi a 1965. Gidan yana riƙe da kimanin guda 6,500 daga ƙasashe 85, kuma da yawa daga cikinsu kyauta ce daga shugabanni da jakadu.

Jerin Mattel daga 1980

Ruth Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Mattel, ta gabatar da Barbie a bajekolin kayan wasa na birnin New York ranar 9 ga Maris, 1959. Ta sa mata sunan 'yarta Barbara, ta kuma kwaikwayi siffar wata 'yar tsanar Jamus mai suna Bild Lilli. Dala 3 aka fara sayar da ita. Sai a 1968 kamfanin ya fitar da Christie, baƙar ƙawar Barbie, sannan a 1980 ya fitar da baƙar fata ta farko mai ɗauke da sunan Barbie kanta.

A wannan shekara ta 1980 jerin ƙasashen duniya ya fara, da guda uku: ta Italiya, da ta birnin Faris, da ta gidan sarautar Ingila. Daga nan kusan kowace shekara ana ƙara sababbi, ana janye na baya daga kasuwa. Ta Indiya ta zo a 1982, ta Japan a 1985, ta Rasha da ta Meziko a 1989, ta Najeriya da ta Brazil a 1990. Daga 2001 aka koma fitar da gimbiyoyi, sannan bukukuwan duniya, sannan fitattun gine-gine irin su hasumiyar Eiffel. A 2012 aka sake sabunta jerin, aka haɗa kowace 'yar tsana da ɗan fasfo da wata dabba ta ƙasarta. Bayan 'yan shekaru jerin ya tsaya.

Sunayen da ke jikin kwalayen sun zama tarihi da kansu. Ta Czechoslovakia ta fito a 1991, ƙasar kuma ta rabu gida biyu ranar 1 ga Janairu, 1993, don haka kwalin yana ɗauke da sunan ƙasar da babu ita a taswira. Biyu daga cikin na farkon shekarun 1980 an kira su Oriental da Eskimo, sunayen da mutanen da ake nufi suka ƙi. Da kamfanin ya sake fitar da ta mutanen yankin ƙanƙara a 1997, sai ya kira ta Arctic. A 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta cire kalmar Oriental daga dokokin tarayyar Amurka.

Afirka a cikin kwali

Bayan ta Najeriya, Afirka ta samu ta Kenya a 1994 da shigar Masai, da ta Ghana a 1996 da saƙar kente, da ta Maroko a 1999, da gimbiyar Afirka ta Kudu a 2003 da adon ƙabilar Ndebele. A kowane hali an ɗauki al'umma ɗaya an ba ta sunan ƙasa baki ɗaya. Najeriya tana da ƙabilu sama da 250. 'Yar tsanar 1990 ba ta da mayafi, ba ta da lalle, ba ta da kitso irin na Bahaushiya ko Bafulatana, kuma yarinyar Kebbe ba za ta ga shigar uwarta a jikinta ba. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Fitacciyar sukar da aka yi wa jerin ta fito ne daga alƙalamin Ann duCille, wata malamar jami'a baƙar fata a Amurka, a maƙalarta ta 1994 mai suna Dyes and Dolls. Hujjarta ita ce, jikin ɗaya ne, zubin ɗaya ne, rini da tufafi kawai ake canzawa, sai a sayar da bambancin al'adu kamar kowace haja. Ta yi misali da ta Jamaika, wadda shigarta ta fi kama da ta 'yar aikin gida. Akwai dalilin kasuwanci a bayan wannan: sassaƙa sabon zubin fuska da jiki yana da tsada, ɗinka sabon ƙyalle kuwa ba shi da ita. A 2013 aka sake yin ce-ce-ku-ce a kan ta Meziko, wadda aka haɗa da ɗan kare da fasfo a daidai lokacin da ake muhawara mai zafi kan baƙin haure a Amurka. Kamfanin ya amsa da cewa duk 'yan tsanan wannan zubi suna da fasfo.

Dalilin da ya sa manya ke jayayya kan abin wasan yara yana da tushe. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan'adam Kenneth da Mamie Clark sun nuna wa yara baƙar fata 'yan tsana fari da baƙi, suka tarar da yawansu sun zaɓi farar a matsayin kyakkyawa. Kotun Ƙolin Amurka ta yi nuni da aikin Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata.

Yadda masu tarawa ke yanke farashi

Daina ƙera abu shi ne ke buɗe kasuwarsa ta biyu. Muddin masana'anta na zubawa, farashin kanti ne ke aiki. Da zarar ta tsaya, adadin da ke duniya sai raguwa, kuma abubuwa huɗu ne ke yanke daraja.

Na farko shi ne kwali. Masu tarawa suna da alamar NRFB, wadda ke nufin ba a taɓa fitar da 'yar tsanar daga kwalinta ba, kuma irin wannan ce ta fi tsada. Wadda aka buɗe, ko da ba a yi wasa da ita ba, tana bayanta.

Na biyu shi ne cikar kaya: takalma, 'yan kunne, abin tsayarwa da takardar shaida. Ɓatan takalmi ɗaya yana rage kuɗi.

Na uku shi ne ƙarancin adadi. A 2004 Mattel ya raba 'yan tsanan masu tarawa gida huɗu bisa tambari. Mai tambarin azurfa ba ta wuce guda 50,000, mai na zinariya 25,000, mai na filatinam 1,000, mai tambarin ruwan hoda kuwa ba ta da iyaka. Na ƙasashen duniya na wancan lokaci a rukunin ruwan hoda suke.

Na huɗu shi ne lafiyar jiki. Robar tana tsufa: sinadarin da ke tausasa ta yana tsatsowa ta yi danƙo, ƙarfen 'yan kunne yana sa kunnen ya yi kore, rana tana kashe launin tufafi, zafi kuma yana gaggauta duk wannan. A yanayi irin na Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ajiye irin wannan kaya shekara talatin aiki ne babba.

Sabon mai sha'awa yakan rikice da shekarar da aka buga a bayan 'yar tsana ko a ƙeyarta. Wannan shekarar rajistar zubin ce, ba shekarar ƙira ba, shi ya sa ake ganin 1966 a jikin waɗanda aka ƙera shekaru da dama bayan haka.

Labaran manyan kuɗi suna jan hankali. A Oktoba 2010 gidan gwanjo na Christie's a New York ya sayar da wata Barbie mai sarƙar lu'ulu'u kan dala 302,500. Bettina Dorfmann ta birnin Düsseldorf a Jamus ta shiga kundin Guinness a 2011 da guda 15,000. Sai dai waɗannan ba su ne ma'auni ba. A shekarun 1990 mutane da yawa sun sayi 'yan tsana sun ɓoye a kwali da fatan riba, sai shafin eBay, wanda aka kafa a 1995, ya tona cewa kowa yana da irinta. Mafi yawan na ƙasashen duniya na wancan zamani ba sa wuce 'yan gomomin daloli. Wanda ya shiga harkar domin neman arziki, da wuya ya mayar da kuɗin jigila. Haka kuma tsohuwar roba ba abin miƙa wa jariri ba ce, domin an sha samun gubar dalma a fentin tsofaffin kayan wasa.

Martani daga Musulmi da 'yan Najeriya

Waɗanda ba su ga kansu a cikin kwalin ba sun nemi yin nasu. A 1996 wasu ma'aurata Musulmi a jihar Michigan ta Amurka suka fitar da Razanne mai hijabi. A 2002 wata hukumar gwamnatin Iran ta fitar da Dara da Sara, masu shigar yankunan ƙasar. A 2003, shekarar da hukumar Hisbah ta Saudiyya ta ayyana Barbie a matsayin barazana ga tarbiyya, kamfanin NewBoy na Siriya ya fitar da Fulla mai abaya, wadda ta mamaye kasuwannin ƙasashen Larabawa. Mattel da kansa sai a Nuwamba 2017 ya gabatar da Barbie ta farko mai hijabi, a siffar Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016.

A Najeriya, Taofick Okoya, ɗan attajirin Legas Razaq Okoya, ya fara Queens of Africa a 2007 bayan ya nemi baƙar 'yar tsana a kantuna ya rasa. Ya yi guda uku: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarabawa, da Azeezah ta Hausawa. Ana ƙera sassan jikin a Sin, a harhaɗa su a yi musu tufafi a Legas. A farkon 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa yana sayar da tsakanin 6,000 zuwa 9,000 a wata. Wannan ci gaba ne a kan kwalin 1990, amma tsarin uku-uku ya bar Zabarmawa da Dakarkari da Kambari da sauran maƙwabtan Kebbe a waje, kuma ko rubutun sunan Azeezah ba na ƙa'idar Hausa ba ne.

Haneefah Adam, 'yar Ilorin, ta bi wata hanya. A ƙarshen 2015 ta buɗe shafin Hijarbie a Instagram, tana ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna da hannunta, tana ɗaukar hoto. Cikin 'yan watanni kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarin. Ba ta da masana'anta, allura da zare da waya kawai ta yi aiki da su.

Matsayin malamai

A ƙasar Sakkwato ba a maganar sura ba a tambayi hukunci ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta na wasa mai fukafukai. Akwai kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, cewa sahabbai mata suna yi wa yara abin wasa da gashin tumaki domin su shagala a ranar azumin Ashura. Bisa waɗannan ne jumhurun malamai suka cire 'yar tsanar yara daga hanin yin sura. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya danganta rangwamen da koya wa 'yan mata reno da aikin gida. Wasu malaman suna ganin an shafe rangwamen, wasu na zamani kuma sun bambanta 'yar tsanar tsumma marar fuska da ta roba mai cikakkiyar kama.

Abin lura shi ne, rangwamen domin wasan yara aka yi shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen wannan yanki, sura ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, haramun ce. Babban mutum da ya jera irin wannan a kabad domin ado ya fita daga dalilin rangwamen. Wannan ne babban abin da ya sa tara 'yan tsanan kallo bai samu gindin zama a gidajen Hausawa ba, duk da cewa jere da adon ɗaki tsohuwar al'ada ce, daga ƙore da faifai zuwa kwanonin samira da tangaran. Batun ya shiga siyasa a tsakiyar 2021, lokacin da Hukumar Hisbah ta Kano ƙarƙashin Harun Ibn Sina ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi, daga baya ta bayyana cewa wanda aka cire wa kai ba laifi.

'Yar tsanar kara a Kebbe da Tambuwal

Ƙaramar Hukumar Kebbe tana can kudancin Jihar Sakkwato, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma ita da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbe mutum 124,658, Tambuwal kuma 224,931. Ƙasar noma ce da kiwo, gero da dawa su ne cimaka, don haka bayan kaka kara yana ko'ina. Daga wannan kara ake yin darni da ɗan boto, daga shi kuma yara ke yin abin wasa.

Hanyar yin 'yar tsanar gargajiya a ƙasar Hausa ba ta buƙatar kuɗi. Ana yanko gaɓar karan dawa a matsayin jiki, ko a samu ƙashin ƙafar akuya ko rago a wanke. A ɗaura zare ko gashi a sama a yi kitso, a roƙo ƙyallayen da suka rage a wajen tela a yi zane da kallabi, a zagaya mata 'yan duwatsun ado a wuya ko a ƙugu. Sau da yawa ba a yi mata ido ko baki. Yarinya ta goya ta da majanyi, ta yi mata wanka, ta yi mata tuwon ƙasa a 'yan tukwanen yumɓu. Idan ƙawaye suka haɗu, sai a ɗaura auren 'yar tsana, a kai lefe na tsummoki, a yi jere, daga baya a yi suna. Yara maza kuma suna gefe suna ƙera motar kara da shanun laka.

Duk abin da jerin Mattel ya rasa yana nan. Wadda ta ɗinka tufafin 'yar garin ce, kuma ɗaurin zanen da salon kitson na uwarta ne da yayyenta, don haka 'yar tsanar ƙauyen Fulani ba ta kama da ta cikin gari. Ba ta da fuska, ba ta daɗewa, kuma domin wasa aka yi ta, saboda haka ta fi kowace kusa da abin da malamai suka yi rangwame a kai. Maƙwabta a Afirka suna da irinta: Mosawan Burkina Faso suna da biiga ta itace, Asante na Ghana suna da akuaba, Fali da Namji na arewacin Kamaru suna da nasu masu duwatsun ado, kuma duk waɗannan suna da masu tara su da farashinsu a kasuwannin Turai.

Abubuwa uku ne ke janye ta Hausa daga hannun yara. Na farko, 'yar bebin roba ƙirar Sin ta yi arha, tana zuwa kasuwannin mako tare da bokiti da silifa, kuma galibi farar fata ce mai gashin Turawa. Na biyu, waya da talabijin sun cinye lokacin dandali. Na uku, hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa ƙauyukan Kebbe da kewaye a 'yan shekarun nan sun raba iyalai da gonakinsu, kuma wasan da ke buƙatar tsakar gida da kaka da kwanciyar hankali ba ya bin mai gudun hijira. Rauninta a wajen adanawa shi ne rashin ƙarkonta. Gara tana cin kara, tsumma yana ruɓewa. Idan tsohuwar da ta iya ta rasu ba ta koyar ba, salon garinta ya tafi da ita.

Wa ke da alhakin adanawa

Sashe na 21 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare al'adun Najeriya da adana su da bunƙasa su. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke da wannan aiki a matakin tarayya. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, a Kano akwai Gidan Makama, sannan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Nazarin Hausa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ba na gini ko kaya ba, wadda a ƙarƙashinta aka yi wa bikin kamun kifi na Argungu rajista a 2016, da hawan sallar Kano a 2024. Dukkansu manyan bukukuwa ne na sarakuna da maza. Wasan 'yan mata a tsakar gida yana cikin abin da yarjejeniyar ta ƙunsa, amma ba shi da mai magana da yawunsa a teburin kasafi.

Yankin ya riga ya ɗanɗana abin da ke faruwa idan mai saye na waje ya riga mai gida gane darajar abu. Sassaƙen yumɓu na dā da aka haƙo a ƙasashen Sakkwato da Katsina sun fita ta ɓarauniyar hanya da yawa, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Dawo da abin da ya fita yana ɗaukar shekaru, kamar yadda kayan tarihin Benin da Jamus ta fara miƙawa a 2022 suka nuna, bayan an kwashe su tun 1897.

Darasin da za a ɗauka daga masu tara Barbie shi ne tsarinsu. Sun san shekarar kowace ɗaya, da lambarta, da abin da ya zo a cikin kwalinta. Irin wannan rubutu ne 'yar tsanar kara ba ta da shi, kuma bai fi ƙarfin ɗalibi mai waya ba: sunan ƙauye, shekarar da aka yi, kayan da aka yi da su, sunan kowane ɗauri da kitso a bakin mai yin, da bidiyon hannunta tana aiki, bayan an nemi izininta da na gidanta. Samfurin da aka ajiye a gidan tarihi domin ilimi yana buƙatar akwati mai hana gara da takardar bayani kawai.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, matasa sun samu ƙarin hujjar tambayar shugabannin Kebbe da Tambuwal yadda ake kashe kuɗin. Tsaro da ruwa da makarantu ne a gaba, babu jayayya. Sai dai a cikin takardar kasafin akwai layin al'adu, kuma mai bibiya yana da damar tambayar ko ya ƙare a hidimar bukukuwa, ko wani abu daga ciki ya kai ga matan da har yanzu suka iya wannan aiki.